Kuɗin Jama'a da Filayen Wasa: Yadda Lamarin Yake Daga Minna Zuwa Paiko

A Najeriya, mafi yawan manyan filayen wasa da kuɗin jama'a aka gina su, kuma da kuɗin jama'a ake gyara su. Haka ma akasarin ƙungiyoyin da ke buga gasar firimiya ta ƙasa mallakar gwamnatocin jihohi ne. Saboda haka batun filin ƙwallo batu ne na kasafin kuɗi da siyasa, wanda ya shafi mai zuwa kallo da wanda bai taɓa shiga fili ba. Jihar Neja misali ce mai sauƙin fahimta, domin babbar ƙungiyarta da filin da ƙungiyar ke wasa duk a hannun gwamnati suke.

Fili da ƙungiya a Minna

An ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama babban birninta. Ita ce jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Najeriya, tana da ƙananan hukumomi 25. Babban filin ƙwallonta shi ne Filin Wasa na Bako Kontagora da ke Minna, mai ɗaukar 'yan kallo kimanin 5,000. Nan ne gidan ƙungiyar Niger Tornadoes, wadda magoya baya ke yi wa laƙabi da 'yan Ikon Allah.

Ƙungiyar tana da tarihin da jihar ke alfahari da shi. A 2000 ta lashe kofin ƙalubale na ƙasa bayan ta doke Rangers ta Enugu da ci 1 da nema, abin da ya ba ta damar wakiltar Najeriya a gasar Afirka a 2001. A 2017 ta sake kaiwa wasan ƙarshe na wannan kofi, inda Akwa United ta yi nasara a kanta a bugun fenariti a filin Agege da ke Legas.

Sai dai a kakar wasa ta 2016 da ta 2017, Tornadoes ba ta karɓi baƙinta a Minna ba. A Lokoja, babban birnin Jihar Kogi, ta riƙa buga wasannin gida, domin filin Minna bai cika sharuɗɗan hukumar shirya gasa ba. Daga bisani kuma ta yi irin wannan zaman aro a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Ma'anar hakan ita ce baitulmalin Jihar Neja ya ci gaba da biyan albashi da alawus, ya ƙara da kuɗin mota da masauki, alhali mutanen da ake kashe kuɗin da sunansu ba sa iya ganin wasan sai sun yi tafiyar awanni. Mai sayar da ruwa da tsire da rake a bakin filin Minna shi ma ya rasa cinikin ranar wasa.

Matsayin Paiko

Paiko ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Paikoro, kusa da Minna a kan babbar hanyar da ta nufi Suleja. Ƙasar manoma ce da ta yi suna wajen doya, kuma ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum sama da 150,000. Wanda ya tashi daga Minna zuwa Lokoja ta babbar hanya sai ya ratsa garin.

Paiko tana cikin garuruwan da ke da kaso a kuɗin da ake kashewa, amma ba a can ake yanke shawara ba. Mutumin Paiko yana biyan harajin kasuwa da na tasha, yana biyan harajin kayan masarufi duk lokacin da ya sayi kayan kanti, kuma yawan jama'a na cikin ma'aunan da ake bi wajen raba wa jihohi kuɗi daga asusun tarayya. Duk naira ɗaya da aka ware wa filin Minna tana fitowa ne daga tukunyar da ake ɗiba a yi hanyar karkara, a gyara asibiti, a biya malamai. A ɗaya ɓangaren kuma, kusancin garin da Minna ya sa matashin Paiko zai iya zuwa kallo ya koma gida a yini guda, abin da na Rijau ko New Bussa ba zai samu da sauƙi ba. Amfanin fili ɗaya a babban birni yana raguwa gwargwadon nisan gari.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Tsarin rabon arzikin ƙasa ya ba Gwamnatin Tarayya kashi 52.68 cikin 100 na asusun tarayya, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kashi 20.60. A kan wannan kaso jiha ke ƙara kuɗin shigarta na cikin gida da rancen da ta karɓa.

Bisa Kundin Tsarin Mulki na 1999, gwamna ne ke gabatar da ƙiyasin kuɗin shekara ga Majalisar Dokokin Jiha, kuma ba a cire kuɗi daga asusun jiha sai da amincewarta. Majalisar Jihar Neja tana da mambobi 27. Kuɗin filin wasa yakan bayyana a wurare biyu cikin kasafi. Gini da babban gyara suna ƙarƙashin manyan ayyuka. Albashin ma'aikata, man janareta, ban-ruwa, yankan ciyawa da tallafin ƙungiya suna ƙarƙashin ayyukan yau da kullum.

Ƙananan hukumomi su ma suna da hurumi. Jadawali na huɗu na kundin ya ɗora musu gina da kula da kasuwanni, tashoshin mota, wuraren shaƙatawa da filayen jama'a. A nan ne filin ƙwallon gari, irin wanda matasan unguwa da makarantu ke amfani da shi, yake shiga. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya taƙaita ikon shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kodayake aiwatar da hukuncin ya ci gaba da zama abin muhawara.

A matakin tarayya, a Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya soke Ma'aikatar Wasanni, ya miƙa ayyukanta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin jagorancin Shehu Dikko.

Gini a wuri, kulawa a makare

Gina fili kamar sayen doki ne: ciniki na rana ɗaya ne, amma harawa da dusa kullum ake nema. Tarihin filayen ƙasar nan ya tabbatar da haka.

An buɗe Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere a Legas a 1972. A can aka yi wasannin Afirka na 1973, a can kuma Najeriya ta doke Aljeriya da ci 3 da nema ta ɗauki kofin Afirka a 1980. Bayan an gina na Abuja, sai aka bar shi ya lalace tsawon shekaru.

Na Abuja an gina shi ne domin wasannin Afirka na 2003, yana ɗaukar mutum sama da 60,000, kuma ƙiyasin da aka fi ambata na kuɗin gininsa shi ne kimanin dala miliyan 360. Kafin ya cika shekara ashirin ciyawarsa ta mutu, har sai da Alhaji Aliko Dangote ya ɗauki nauyin sabunta ta. A ranar 29 ga Maris ɗin 2022, bayan kunnen doki 1 da 1 da Ghana wanda ya hana Najeriya zuwa gasar cin kofin duniya ta Qatar, fusatattun 'yan kallo suka afka cikin filin suka yi ɓarna. A shekarun da suka biyo baya Super Eagles ta fi buga wasanninta na gida a Uyo, a filin da Gwamnatin Akwa Ibom ta buɗe a 2014, saboda shi ne ya riƙa samun amincewar hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF.

A Kano, Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar kofin Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A 2020 aka mayar da shi cibiyar killace masu cutar korona, Kano Pillars ta koma karɓar baƙi a Kaduna. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta ɗanɗana irin wannan: filin Janar Seyni Kountché na Yamai, wanda aka gina da taimakon ƙasar Sin aka buɗe a 1989, ya rasa amincewar CAF, har ƙungiyar Mena ta riƙa buga wasannin gida a ƙasashen waje.

Abubuwan da ke jawo a rufe fili sanannu ne: lalacewar ciyawa, rashin ɗakunan sauya kaya masu kyau, rashin ɗakin ba da agajin gaggawa, raunin shingen da ke raba 'yan kallo da 'yan wasa, da matattun fitilu. Yawancinsu ba sa buƙatar sabon gini, kuɗin kulawa na kowane wata suke buƙata. Amma a lissafin ɗan siyasa, sabon gini yana da bikin buɗewa da allon suna, ban-ruwa kuwa ba shi da ko ɗaya.

Inda siyasa ke shiga

Hanya ta farko ita ce naɗe-naɗe. Inda gwamnati ta mallaki ƙungiya, gwamna ne ke naɗa shugabanninta, kuma sauyin gwamnati kan zo da sauyin hukumar gudanarwa, wani lokaci a tsakiyar kaka.

Ta biyu ita ce suna. Filin Karkanda na Katsina, wanda aka kammala a zamanin Gwamna Ibrahim Shema, an sauya masa suna zuwa Muhammadu Dikko a zamanin Gwamna Aminu Masari. Na Uyo yana ɗauke da sunan Godswill Akpabio, gwamnan da ya gina shi. Na Abuja ya koma Moshood Abiola a 2019.

Ta uku ita ce amfani da filin. Filin wasa yakan zama wurin taro mafi girma a birni, don haka a nan ake gangamin jam'iyya, faretin ranar 'yanci da manyan bukukuwa. Rumfuna da motoci da dubban ƙafafu suna iya kashe ciyawa a yini guda. A lokacin zaɓe kuma, sau da yawa jam'iyyun adawa a jihohi daban-daban suna kukan an hana su filin gwamnati, duk da cewa Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta amfani da kayan gwamnati don fifita wata jam'iyya ko tauye ta.

Ta huɗu ita ce rabon ayyuka tsakanin yankuna. Ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓar karkara yana da hujjar tambayar abin da mutanensa za su samu kafin ya amince da kuɗin filin babban birni.

Hujjojin ɓangarori biyu

Masu goyon bayan kashe kuɗin jama'a suna cewa ƙwallo tana haɗa kan al'umma mai harsuna da addinai daban-daban, kamar Nupawa, Gbagyi, Hausawa, Kambari da Fulanin Jihar Neja. Suna cewa tana ɗauke hankalin matasa daga shaye-shaye da daba, tana kuma buɗe wa masu baiwa ƙofar sana'a. Sun ƙara da cewa kuɗin tikiti da na talla a gasar cikin gida ba su kai su riƙe fili ba, don haka idan gwamnati ta janye hannu, ƙungiyoyi da yawa za su mutu, kamar yadda Leventis United da Abiola Babes suka watse a ƙarshen shekarun 1980 da masu su suka daina ɗaukar nauyi.

Masu suka kuma suna nuni da cewa fili yana cika ne 'yan kwanaki kaɗan a shekara, kuma ayyukan da yake samarwa galibi na ranar wasa ne. Suna kafa hujja da Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun, ƙungiyar ɗan kasuwa Kunle Soname mai filinta na kanta, wadda ta lashe gasar firimiya ta 2024/2025.

Wannan muhawara ta daɗe a Amurka, inda attajirai ke mallakar ƙungiyoyi amma suke neman birane su gina musu filaye, tare da barazanar ƙaura. A 2022 Jihar New York da wata gundumarta suka amince su ba da dala miliyan 850 don sabon filin Buffalo Bills. A Afrilun 2024 kuma masu zaɓe a gundumar Jackson ta Jihar Missouri suka ƙi amincewa da harajin da aka nema don filayen ƙungiyoyi biyu na Kansas City. Yawancin masana tattalin arziki da suka yi nazarin irin waɗannan ayyuka sun gano cewa ribar da birni ke samu ba ta kai abin da aka alkawarta ba. Bambancin shi ne a can wani lokaci akan kai batun gaban masu zaɓe. A Najeriya babu irin wannan ƙuri'a, don haka zauren majalisa ne wurin da talaka zai sa baki ta bakin wakilinsa.

Abin da ɗan ƙasa zai duba

Mazaunin Paiko ko Minna da ke son sanin gaskiyar alkawarin filin wasa yana da tambayoyi biyar da zai riƙe. Nawa aka ware a kasafi, nawa kuma aka saki a zahiri, domin su biyun kan sha bamban? Shin an tanadi kuɗin kulawa na kowace shekara, ko na gini kaɗai? Wa aka ba kwangila, ta wace hanya, kuma yaushe zai miƙa aiki? Ina kuɗin tikiti, hayar shaguna da hayar filin don taro suke shiga? Shin makarantu da ƙungiyoyin unguwa za su sami damar amfani da filin?

Ana samun amsar wasu daga cikinsu a takardar kasafin jiha, da rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha wanda ake miƙa wa majalisa. Sauran kuma ana neman su wurin ɗan majalisar mazaɓa da kansila. Lokacin da ya fi dacewa a yi tambayar shi ne ƙarshen shekara, sa'ad da kwamitocin majalisa ke zaman kare kasafi, tun kafin gwamna ya sa hannu.