Tarihin Peugeot 404 da masu neman kayanta na asali



Duk wanda ya taɓa ratsawa ta bayan tsofaffin gareji a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya ga irin gawar motar nan da ke kwance cikin rairayi. Ba taya, ba gilashi. Awaki na shan inuwa a gindinta, kaji na ƙwai a cikinta. In ka tambayi yaro, sai ya ce maka ƙarfe ne. In ka tambayi dattijo, sai ya faɗa maka sunanta: kat-san-kat, wato Peugeot 404, wadda mutanenmu ke ce ma Fijo. Wataƙila ma ya ƙara maka da labarin ranar da ta kai shi Yamai.

To, ku sani a ƙasar da aka ƙera motar nan akwai mutanen da ke shekara suna neman fitilarta guda ɗaya ba su samu ba. Yau za mu ba ku tarihin yadda haka ta faru.

Haihuwar mota

An fito da 404 cikin watan Mayu na 1960, watanni kaɗan kafin Nijar ta samu mulkin kai. A garin Sosho ake ƙera ta, can gabashin Faransa. Wani gidan masu zanen motoci na Italiya, Pininfarina, shi ya zana siffarta. Injinta ba babba ba ne, amma mai haƙuri ne, kuma makaniki na iya kwance shi da ƴan makullai kaɗan. Cikin 1962 aka yi doguwar, mai layin kujeru uku. Cikin 1967 aka yi mai buɗaɗɗen baya wadda ake rufe ma tanti, ita ce ake kira bashe. Akwai mai shan fetur, akwai mai shan gazuwal.

Afirka ce ta yi mata suna. A lokacin akwai wata tseren motoci mai wuya da ake yi a Kenya da Uganda da Tanzaniya, cikin laka da duwatsu, tafiyar kusan kilomita 5000. Cikin 1963 mota 84 suka tashi, 7 kaɗai suka iso, kuma 404 ce a gaba. Ta sake cinye tseren a 1966 da 1967 da 1968. Daga nan kowa ya yarda motar daji ce.

Cikin 1968 aka yi mata ƙanwa, 504. Ita 404 mai ƙofa huɗu an bar ƙera ta a Faransa cikin 1975, amma an ci gaba da haɗa bashe a Kenya har 1991. In an tara duka, an ƙera 404 fiye da miliyan biyu da dubu ɗari takwas.

Yadda ta cika ƙasarmu

Ta hanya uku motocin Peugeot suka shigo mana. Ta farko ita ce ta kantunan Turawa da ke saida sababbi ga gwamnati da manyan ƴan kasuwa.

Ta biyu ita ce ta Nijeriya. Cikin 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kaduna. Da yake tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe a lokacin, sai aka riƙa ɗauko kayan motocin cikin jirgin sama daga Liyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna a haɗa. Ku duba wannan abu: injuna da ƙofofi na tafiya cikin jirgi kamar alhazai! Ma'aikatar nan ta yi ta fitar da 504 har 2005. Saboda haka kayan gyara suka wadata a kasuwannin Kano, daga can kuma suka riƙa ƙetarowa Maraɗi da Damagaram.

Ta uku ita ce ta hamada. Daga wajen 1970 zuwa 1990 samarin Turai kan sayi tsohuwar Fijo da araha a ƙasarsu, su ratso Aljeriya ta Tamanrasat, su shigo ta Asamaka, su saida ta a Arlit ko Agadas ko Yamai, su koma gida cikin jirgi da kuɗin. Wannan fatauci ya mutu bayan 1990, da rikici ya tashi a Aljeriya da arewacin Nijar.

Motar da Bature ya gaji da ita, a nan take soma sabuwar rayuwa. Bashe da aka yi don kaya kaɗan sai ta ɗauki buhunan hatsi, da tumaki, da mutane bisa kaya, ta bi kasuwannin ƙauye mako bayan mako. In abu ya karye, ba a jiran Faransa. Maƙeri ya ƙera, mai walda ya liƙe, a yanka tsohuwar taya a yi roba. In injin 404 ya mutu, a sa mata na 504, tun da ƴan gida ɗaya ne. Mota uku kan mutu don ɗaya ta rayu. Da babu gara ba daɗi.

Shekarar 1994

Wannan shekara ta yi ma tsofaffin Fijo lahani ta gefe biyu.

A nan, cikin watan Janairu, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Abin da ake sayowa daga Faransa ya ninka kuɗi cikin kwana ɗaya. Kayan gyara na asali suka fi ƙarfin mai mota, jabu ya cika kasuwa. Motocin Japan kuma suna ta shigowa ta Kwatano, direbobi suka koma musu da kaɗan kaɗan.

A can Faransa kuwa, cikin watan Fabrairu, gwamnatin Edouard Balladur ta ce duk wanda ya kai motar da ta wuce shekara goma aka murƙushe, ya sayi sabuwa, za a rage masa faran 5000 na Faransa. Da kuɗinmu na lokacin jika ɗari biyar ke nan. Gwamnatin da ta biyo baya ta yi irin wannan tsari har 1996. An yi haka don ma'aikatun motoci su samu ciniki. Amma motoci masu yawa da ke da sauran lafiya sun shiga injin murƙushewa da fitilunsu da agogunansu da kome.

Dama can tsatsa ta riga ta ci da yawa. A ƙasashen sanyi ana zuba gishiri bisa hanya don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa shi ke cin ƙarfen mota daga ƙasa. Ga shi kuma ma'aikata ba ta ajiye kayan tsohuwar mota har abada. In an bar ƙera mota, akan ci gaba da saida kayanta ƴan shekaru, sannan a share ɗakunan ajiya don sababbi su samu wuri.

Masu rayar da tsofaffin motoci

Tun kafin wannan lokaci akwai mutane a Turai da ke sha'awar tsohuwar mota kamar yadda wasunmu ke sha'awar doki. Sukan sayi wadda ta lalace, su kwance ta ƙusa bayan ƙusa, su maido ta yadda ta fito daga ma'aikata. Cikin 1976 aka soma wani babban taro a Paris mai suna Rétromobile, inda ake nuna irin waɗannan motoci, ana kuma cinikin kayansu. Cikin 1982 gidan Peugeot ya kafa ƙungiyar kula da tarihinsa, L'Aventure Peugeot, ya buɗe gidan tarihi a Sosho cikin 1988. A dokar Faransa, motar da ta kai shekara 30, aka bar ƙera irinta, ba a kuma sake manyan kayanta ba, tana iya samun takarda ta musamman ta motar tarihi.

Ga waɗannan mutane, mota ta tashi ta yi gudu bai isa ba. Suna son kowane abu ya zama na ainihi, mai sunan maƙerinsa da lambarsa. Ku sani Peugeot ba ita ke yin kome da kome ba. Kafireto, inda mai da iska ke gaurayuwa, na gidan Solex ne. Agogon gudu na gidan Jaeger ne. Fitilu na Cibié ne ko na Marchal. Yawancin gidajen nan wasu kamfanoni sun haɗiye su, sun daina yin tsofaffin kayan. Shi ya sa nema ya yi wuya.

Abu uku sun fi ba su wahala.

Na farko, jikin 404 mai ƙofa biyu, da wadda ake naɗe rufinta. Waɗannan a Turin ta Italiya aka ƙera jikinsu, kuma duka biyun wajen 17,000 kaɗai aka yi. Ƙofarsu da gilashinsu ba su shiga jikin 404 da muka sani. In gilashin baya ya fashe, sai a jira wata ta mutu.

Na biyu, famfon mai na gidan Kugelfischer na Jamus, wanda aka sa ma wasu 404 maimakon kafireto. Aikinsa mai laushi ne kamar na agogo, masu iya gyaransa kuma sun yi kaɗan.

Na uku yana cikin akwatin haƙoran da ke tsakanin ƙafafun baya. A cikin 404 mai ƙofa huɗu akwai wani ƙarfe murɗaɗɗe da ke juya faifan tagulla mai haƙora. Shekaru da yawa man da aka yi da ɗiyan zurma ake zuba masa. In aka gauraya shi da man mota na kullum sai ya daskare, tagullar ta cinye. Motoci da yawa rashin sanin wannan ya kashe su.

Ina suke nema?

Abin da suka fi so shi ne kayan da aka ƙera tun zamanin motar, ba a taɓa ɗaura shi ba, yana nan cikin kwalinsa. Irin wannan sai in wani tsohon gareji na ƙauye ya rufe, magada suka buɗe ɗakin ajiya. Bayan shi sai kayan da aka ciro daga matacciyar mota. Akwai kasuwannin tsofaffin kaya da ake ci sau ɗaya a shekara a garuruwa kamar Liyon da Rens, inda mutum kan wuni yana tonon akwatuna da lambar abin da yake nema rubuce a takarda. Yanzu intanet ta sauƙaƙa, mai nema a Faransa na iya samun mai saidawa a Arjantina, inda aka daɗe ana ƙera 404 da 504.

In abu ya ɓace ƙaƙaf, sai masu motocin su haɗa kuɗi a ƙungiyarsu, su kai ma maƙera samfuri, a yi musu sababbi ɗari ko ɗari biyu. Gidan tarihi na Sosho shi ma yana sa a sake ƙera wasu kayan. Ƙungiyar masu 404 ta Faransa kuma tana rubuta lambar kowace 404 da ta rage a duniya, don a san nawa suka tsira.

Amma sabon da aka kwaikwaya ba ya zama na asali. Saboda haka ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, ta yi wata yarjejeniya da ake kira ta Turin, wadda ta soma aiki cikin 2013. Ta shawarci mai gyara ya sa alama ga abin da ya sake, ya rubuta aikin da ya yi, don kada a ruɗi na baya. Ta kuma nuna cewa gyare-gyaren da aka yi ma mota lokacin da take aiki, su ma tarihinta ne, ba dole ne a kankare su ba.

Wannan magana ta shafe mu. Bashen da ta yi shekara talatin tsakanin Maraɗi da Dakwaro, da waldarta, da ƙarin ƙarfen da aka yi mata don ta ɗauki kaya, tana ba da labarin da motar gidan tarihi mai sheƙi ba ta iya bayarwa. Bature ya nemi ta koma yadda aka haife ta. Makanikinmu ya nemi ta kai mutane kasuwa gobe da safe. Kowane da gaskiyarsa, kuma duka biyu sun hana ta mutuwa.

Abin da ya rage gare mu

Ƙasarmu busassa ce, tsatsa ba ta cin ƙarfe da sauri kamar a Turai. Rana na fasa roba, rairayi na cin inji, kaya na lanƙwasa gindin mota, amma ƙofa da murfin inji da ƙarafan ado kan daɗe. Sai dai gawarwakin nan suna ƙarewa. Masu sayen tsohon ƙarfe na bi gari gari da sikeli, suna sara da gatari, suna lodi. Kan injin 404 na alminiyam ne, irin wanda maƙeran kasuwar Katako ta Yamai ke narkawa su zuba tukwane. Ba laifi ba ne, kowa abincinsa yake nema. Amma abin da aka narke ya tafi ke nan.

Ba mu ce kowace ƙusa dukiya ce ba. Kayan da ya cinye, ko a Paris ba mai sonsa. Abin da muke cewa shi ne a duba kafin a sara. Mai tsohon kanti ya buɗe kwalayen da ke ƙarƙashin ƙura ya karanta sunan da ke jikinsu. Mai gawar mota ya ɗaga murfin inji, ya nemi ɗan farantin da ke ɗauke da lambarta, ya rubuta, ya ajiye tare da takardunta. Ga amfanin karatu nan: wanda bai iya karanta Solex ko Jaeger ba, da kilo zai saida su. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Yaran gareji kuma su zauna wurin tsofaffin makanikai tun suna da rai, su tambaye su yadda ake saita injin nan da kunne. Littafin ma'aikata bai rubuta dabarun da suka yi cikin daji ba.

Muna kuma fata kowane babban gari ya tsame 404 guda ɗaya, ya gyara ta, ya ajiye inda ƴan makaranta za su gan ta. Ita ta kai marar lafiya likita, ita ta kai amarya, ita ta kai gyaɗa da albasa kasuwa lokacin da kwalta ba ta kai ko'ina ba. Jikokinmu sun cancanci su taɓa ta da hannu.

Allah shi ba mu ikon riƙon abin da muka gada. Sai mun sake saduwa.