Sanyin Tsofaffi a Birtaniya: Kuɗin Wuta da Gidan da Ba Ya Riƙe Ɗumi

Washegarin Kirsimetin 1962 dusar ƙanƙara ta fara zuba a Ingila, kuma a wurare da dama ba ta narke ba sai farkon Maris na 1963. Sanyi ya yi tsananin da ruwan teku ya daskare a gaɓar yankin Kent. A wancan zamani yawancin gidaje murhun kwal ɗaya gare su a falo. Ɗakin kwana babu wuta, har ƙanƙara kan kama gilashin taga ta ciki. Ko a 1970, gida uku ne kacal cikin goma ke da na'urar da ke ɗumama dukkan ɗakuna.

Mai jini a jika kan jure wannan. Tsoho kuwa jikinsa ba ya saurin sanar da shi cewa ya yi sanyi, ga shi ba ya yawan motsi. Likitoci sun fara damuwa da tsofaffin da ake tsinta a ɗakunansu zafin jikinsu ya sauka ƙasa da digiri 35. Daga baya aka gane waɗannan 'yan kaɗan ne cikin waɗanda sanyi ke kashewa. Sanyi yana ɗaga hawan jini, yana sa jini ya yi kauri, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko ciwon huhu ya biyo baya. Takardar asibiti ba za ta ambaci sanyi ba, amma shi ne mafari.

Tashin farashin mai na 1973 ya ƙara dagula lamarin. A 1978 wani mai bincike, Malcolm Wicks, ya fitar da littafi a kan tsofaffi da sanyi, kuma shi ne daga baya ya zama ministan makamashi a 2005. Amsar farko da gwamnati ta bayar ita ce kuɗi. A shekarun 1980 aka fito da tallafin da ake biyan masu ƙaramin ƙarfi idan sanyi ya tsananta. Ba kowa a gwamnatin ya ɗauki abin da zafi ba. A 1988 ƙaramar ministar lafiya, Edwina Currie, ta shawarci tsofaffi su riƙa sa hular ulu da dogon wando na ciki, maganar da ta jawo mata suka ƙwarai.

Wannan tallafi yana nan har yau a Ingila da Wales, ga kuma ƙa'idarsa: kowace unguwa an haɗa ta da wata tashar auna yanayi. Idan matsakaicin yanayin kwana bakwai a jere ya kai sifili ko ƙasa da haka, ko aka yi hasashen zai kai, sai a tura wa mutum fam 25 ba tare da ya nema ba. Ni da sana'ata ita ce rubuta manhajar kwamfuta, da farko ƙa'idar ta burge ni, domin sharaɗi ɗaya ne, ko eh ko a'a. Amma ma'aunin yana tashar ne, tsohuwar kuma tana ɗakinta. Idan lissafin mako ya ba da digiri ɗaya, ba ta da ko kwabo, ko da ƙauyenta na kan tudu, iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa.

Wadda ta mayar da hankalin mutane kan ɗakin ita ce Brenda Boardman. A littafinta na 1991 ta ba matsalar ma'auni: duk gidan da sai ya kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu kafin ya yi ɗumi yadda ya kamata, to yana cikin talaucin makamashi. Abu uku ke haddasa shi: ƙarancin abin hannu, tsadar wuta, da gini mai zubar da ɗumi. Na ukun ne ya fi addabar Ingila, inda kusan gida ɗaya cikin biyar an gina shi kafin 1919, da bangon bulo da ɗumi ke ratsawa ya fice. Wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa da hunturu, ya kuma kwana a ɗakin kwano, ya san gini kaɗai kan raba mai barci da mai rawar ɗari. Shi ya sa Finlan, wadda ta fi Ingila sanyi nesa ba kusa ba, ƙarin mace-macen da take samu a lokacin sanyi bai kai na Ingila ba idan aka kwatanta. Fotigal kuwa mai rana tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa muni a Turai.

Gwamnatin jam'iyyar Labour ta bi hanyoyin biyu. A 1997 ministan kuɗi Gordon Brown ya fito da kuɗin wutar sanyi ga 'yan fansho, mai kuɗi da talaka. An fara da fam 20, kafin shekara huɗu ya kai fam 200, daga baya masu shekara 80 zuwa sama suka koma karɓar fam 300. A 2000 kuma majalisa ta yi dokar ɗumama gidaje, aka fara shirin Warm Front, wanda ke shimfiɗa abin tare ɗumi a rufi da cikin bango, ya kuma sa wa marasa ƙarfi sabuwar na'urar ɗumi. Sama da gidaje miliyan biyu suka amfana. An ɗau alkawarin kawo ƙarshen talaucin makamashi kafin 2016, amma aka rufe shirin a 2013, alkawari bai cika ba. A sanyin 2017 zuwa 2018, mutanen da suka mutu a Ingila da Wales sun zarce na sauran watanni da kusan 50,000, yawancinsu tsofaffi. Mura mai tsanani ta yi nata ɓarna a shekarar, don haka ba duka za a ɗora wa gidaje ba.

Da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, ɗakunan karatu da coci-coci da masallatai suka buɗe ƙofa domin wanda ba zai iya kunna wuta a gida ba ya zo ya wuni cikin ɗumi. A Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta taƙaita kuɗin wutar sanyi ga masu karɓar tallafin talauci kaɗai, kusan mutum miliyan goma suka rasa shi. Sai ga wata matsala: dubban ɗaruruwan tsofaffin da suka cancanci tallafin talaucin ba su taɓa nemansa ba, wasu don rashin sani, wasu don tsawon fom, wasu don kunya. Bayan kuka ya yi yawa, a Yunin 2025 gwamnati ta mayar da kuɗin ga duk wanda abin da yake samu a shekara bai wuce fam 35,000 ba.

Bambancin hanyoyin biyu a fili yake. Kuɗi kan shiga aljihu a watan Nuwamba, mai zaɓe ya gani ya gode, shi ya sa taɓa shi ke da wuya. Gyaran rufi ba ya fitowa a labarai, shi ya sa aka rufe shirinsa ba tare da hayaniya irin ta 2024 ba. Amma fam 200 na bana zai ƙone kafin sanyi ya wuce, a sake jiran na baɗi. Rufin da aka gyara a 2005 kuwa har yau yana riƙe wa mai gidan ɗuminsa.