Tanko Al-Makura: Daga Makarantar Dunama zuwa Gidan Gwamnati

Mutanen Lafiya ba su cika kiransa da cikakken sunansa ba. Ta'al kawai suke cewa, wato farkon Tanko da farkon Al-Makura aka haɗa. Umaru Tanko Al-Makura an haife shi a Lafiya ranar 15 ga Nuwamba, 1952, lokacin garin yana ƙarƙashin Lardin Binuwai, Turawa ba su tafi ba tukuna.

Gidansu na Gwandara ne, kuma tushensu Kwandare, ƙauyen da ke gab da Lafiya, inda yayansa Alhaji Ahmadu Al-Makura ya hau sarautar Sangarin Kwandare. Duk Bahaushen da ya saurari Bagwandare yana magana zai tsinci kalmomin da ya sani, domin harshen ɗan'uwan Hausa ne na jini. Labarin kaka da kakanni ya ce daga Kano suka fito, lokacin da wani ɗan sarki da jama'arsa suka ƙi barin al'adun gargajiya, suka ce gwanda rawa da salla, suka yi kudu. Abin da ke burge ni shi ne yadda zamani ya juya da zuriyar nan: akasarin jikokinsu yau Musulmi ne, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da Barebarin da kakansu Dunama ya kafa Lafiya, ga Eggon, ga Alago, ga Migili. Yaron da ya tashi a irin wannan gari tun yana ƙarami yake koyon zama da wanda ba harshensu ɗaya ba.

A 1959 aka sa shi makarantar firamare ta Dunama, ya gama a 1966. Daga nan sai Kwalejin Horon Malamai ta Keffi, har 1971, sannan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ya karanta fannin ilimi ya fita a 1978. Hanyar malanta ya biyo, amma bai daɗe da alli a hannu ba. Ya buɗe kamfanin shigo da injinan noma da na masana'antu, daga baya ya shiga harkar gidaje da otal. Siyasa kuwa ya fara ta ne a Jamhuriya ta Biyu, a matsayin shugaban matasan jam'iyyar NPN na tsohuwar Jihar Filato, kuma shi ya wakilci Lafiya da Obi a majalisar tsara kundin mulki ta 1988.

Jarrabawar da ta fi taɓa shi ba ta siyasa ba ce. A 1990 zazzaɓin Lassa, cutar da ɓera ke yaɗawa, ya shiga gidansa. Ya ɗauke masa ɗa, shi kuma ya tashi daga jinya kunnensa ya tafi. Da bakinsa ya ba da wannan labari bayan shekaru, bai ɓoye ba, a ƙasar da ake jin kunyar ambaton nakasa. Ina ganin nan ne mabuɗin fahimtar mutumin.

Aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, ya shiga sahun waɗanda suka kafa PDP a jihar a 1998. Da bai samu tikitin takarar gwamna a jam'iyyar ba ya koma jam'iyyar CPC, ya kayar da gwamna mai ci, Aliyu Akwe Doma, a 2011; shi kaɗai ne gwamnan da CPC ta samu a faɗin Najeriya. Cikin ayyukansa akwai makarantar yara kurame, makafi da guragu a Lafiya, wadda Shugaba Buhari ya zo ya buɗe a Fabrairun 2018.