2019, shekarar doya da wake

'Yan uwa ɗalibai, mu da ke digiri na biyu kan asalin tsirrai a nan Ibadan, har yau 2019 muke ambato a ɗakin bincike. A shekarar ne masana suka bi ƙwayoyin halittar doya, suka nuna daga doyar kurmi ta samo asali, a yankin kogin Neja. A shekarar kuma Jami'ar Kaliforniya ta fitar da taswirar ƙwayoyin halittar wake, da irin da IITA ta samar. A Disamba Najeriya ta amince da SAMPEA 20-T na Zariya, mai jure tsutsar maruka. Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: irin namu ne, amma yawancin na'urorin karanta shi suna ƙasashen waje.