Abin Da Ɗamara Da Tambura Ke Nufi A Kayan 'Yan Judo, Taekwondo Da Dambe

Ɗamara da tamburan da ke jikin kayan 'yan wasan kare kai suna nuna matsayin ɗan wasa, ƙungiyarsa da ƙasar da yake wakilta. Akwai dokoki kan girmansu da inda ake liƙa su, kuma wanda ya saɓa musu ana hana shi hawa tabarmar gasa har sai ya sauya kaya.

Asalin ɗamara

Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar Kodokan a birnin Tokyo na Japan a shekarar 1882, shi ne ya fara bambanta ƙwararrun ɗalibansa da baƙar ɗamara. Daga judo ne karate da taekwondo suka ari tsarin. Sabon shiga yana farawa da fara, ya bi ta launuka daban-daban bisa jarrabawa har ya kai baƙa. A judo, masu mataki na 6 zuwa na 8 suna iya ɗaura mai ja da fari, na 9 da na 10 kuma ja zalla.

Dokokin gasa

Hukumar Judo ta Duniya, IJF, ta keɓe hagun ƙirji ga tambarin ƙasa, wanda bai kamata ya wuce murabba'in santimita 100 ba. A baya ake ɗinka ƙyallen da ke ɗauke da sunan ɗan wasa da haruffan ƙasarsa, wato NGR ga ɗan Najeriya. Zakaran duniya yana sanya jan ƙyalle, zakaran Olamfik kuma mai ruwan zinare. Ɗaya daga cikin masu karawa yana sanya fararen kaya, ɗayan shuɗi, domin alƙalai da 'yan kallo su tantance su. Hawa tabarma da zobe ko wani ƙarfe a jiki yana jawo kora daga karawar.

A taekwondo, wasan da Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya lambar tagulla a Beijing a 2008, wuyan riga ma shaida ne: baƙi ga manya masu baƙar ɗamara, ja da baƙi ga 'yan ƙasa da shekara 15 da suka kai wannan matsayi. A gasar karate kuwa, ana ajiye ɗamarar matsayi, ɗaya ya ɗaura ja, ɗayan shuɗiya.

Dambe da kokawa

Ɗan dambe yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da zare, naɗin da ake kira kara. Wannan hannu shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa. A da walkin fata ake ɗaurawa, yanzu gajeren wando ya fi yawa. Adon 'yan dambe da 'yan kokawa shi ne layu, kambu a damtse da guru a ƙugu, waɗanda masu su ke ɗauka a matsayin tsari.

Ba a karanta matsayin ɗan dambe a jikin kayansa. Kisan da ya yi a fage, ɓangaren da yake yi wa wasa, kamar Kudu, Arewa ko Guramada, da kirarin makaɗa su ne shaidarsa, kamar yadda waƙar Ɗan Anace ta ɗaukaka sunan Shago. A Jamhuriyar Nijar, inda aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tahoua a 1975, takobi ne alamar zakara.

Abin lura ga iyaye

Maiduguri ta yi suna a ɗinkin hannu, musamman na huluna irin su Bama da Zanna Bukar, don haka ɗinka tambarin kulob ba abu ne mai wuya ba ga tela a Wulari ko Gwange. Sai dai kafin a kai masa rigar yaro, ya kamata a tambayi mai horarwa girman tambarin da wurin da doka ta amince, domin riga mai tallace-tallace barkatai ba ta shiga gasa.

Haka kuma, ɗamarar da aka saya a kasuwa ba ta ba kowa matsayi. Takardar jarrabawa ce ke tabbatar da shi, kuma a taekwondo cibiyar Kukkiwon da ke Seoul, wadda aka buɗe a 1972, ita ke bayar da shaidar baƙar ɗamara da ake karɓa a manyan gasanni. Iyaye na da damar neman ganin irin wannan takarda kafin su damƙa 'ya'yansu ga mai horarwa.