Gidan Ilojo Na Bakin Tinubu: Ginin Da Doka Ta Tsare Amma Bai Tsira Ba

Duk wanda ya daɗe yana shiga cikin Eko saro kaya, ya san wani tsohon bene da a dā yake kallon Dandalin Tinubu, a kusurwar titin Bamgbose da titin Alli. Mutanen gari suna kiransa Ilojo Bar, wasu kuma Gidan Fernandez. Mun sha wuce shi da kaya a ka, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san labarinsa ya taɓo kakanninmu.

Asalin abin daga Barazil yake. A zamanin cinikin bayi an kwashi Yarabawa da Hausawa da Nufawa masu yawa zuwa Bahiya. A can Hausawa suka shirya bore a 1807, sannan a 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka tayar da babban bore a birnin Salbado. Da aka murƙushe shi sai aka koro wasu, wasu kuma suka fanshi kansu suka biyo jirgin ruwa zuwa gida. Su ne ake kira Aguda, unguwarsu kuwa Popo Aguda. Sun dawo da sana'a a hannu: magina, kafintoci, maƙera da masu fenti.

Ana cewa wajen 1855 aka gina gidan, kuma da sunan iyalin Fernandez aka fara saninsa. Fasalinsa irin na gidajen attajiran Bahiya ne, wato ƙasa wurin ciniki, sama wurin iyali. An yi shi da jan bulo, aka yaɓe, aka fitar da ado a jikin yaɓen. Ƙofofi da tagoginsa dogaye ne, samansu a lanƙwashe kamar bakan gizon da maginanmu ke ɗaurewa a soro, ga su a jere don iska ta ratsa, tun da a lokacin babu fanka. Tagogin sama kuwa suna da 'yar baranda ta ƙarfe, wadda maƙeri ya murɗa da hannunsa. Kai, ko wanda bai san gini ba, in ya ɗaga kai sai ya tsaya.

Wannan salo bai tsaya a gidajen kwana ba, har masallatai ya shiga. Masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, wanda aka buɗe a 1894, maginin Aguda ne ya yi aikinsa. Ke nan wanda ya taɓa sallah a ciki ya zauna a inuwar wannan fasaha.

A 1933 gidan ya koma hannun Alfred Olaiya, mahaifin mawaƙin nan Victor Olaiya, shi ne ya sa masa suna Ilojo. A 1956, tun kafin samun mulkin kai, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa, ma'ana ko mai shi ba shi da ikon rushewa ba da izini ba. To amma doka ba ta toshe yoyo. Shekaru suka yi ta tafiya, rufi ya lalace, bango ya tsage, kuɗin fili a wajen kuma kullum sai hawa yake. Ran Lahadi 11 ga Satumba 2016, jajiberin Babbar Sallah, muna can muna cinikin raguna, aka kawo katafila aka baje shi. Aka yi ta surutu a jaridu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

To jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gidan da ke da takardar gwamnati shekara 60 bai tsira ba, ina ga namu? A zangon Agege da sauran unguwanninmu akwai gidajen fatoman goro na dā, masu zaure da ɗakunan baƙi, da tsofaffin masallatai da makarantun allo. In maigida ya rasu aka zo rabon gado, abu na farko sai a kira dillali. Gado haƙƙi ne, ba mu ce a hana kowa nasa ba. Abin da muke roƙon ƙungiya shi ne ta sa matasa su zagaya, su ɗauki hotunan gidajen, su zauna da dattawa su rubuta wanda ya gina da lokacin da aka gina. In kuma za a sayar, a fara yi wa jama'a tayi. Ranar da aka ce mana baƙi ne mu jiya muka zo, waɗannan gine-gine su ne shaidunmu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, amin.