Gurbi Takwas ga Sauran Duniya: Yadda Sutudiyo Ya Koma Cikin Kwamfuta

A shekarar 1991 ƙungiyoyin masu ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka amince da wani jeri mai suna General MIDI. Jerin ya ƙunshi sautuka 128, kowane da lambarsa, domin waƙar da aka tsara a kan na'urar wani kamfani ta fito da kamanninta a kan ta wani. Lamba ta 1 fiyano ce. An ware gurbi takwas ga dangin jita, takwas ga dangin kakakin Turawa, takwas ga sarewa iri-iri. Daga lamba 105 zuwa 112 kuma aka ajiye abin da suka ɗauka kayan kiɗan gargajiya ne na al'ummai: sitar da shanai na Indiya, shamisen da koto na Japan, banjo, algaitar jaka ta mutanen Sukotlan, gogen ƙauyen Turawa, sai kalimba, wadda ita ce rabon Afirka a wannan sahun. Babu kalangu, babu kukuma, babu gurmi, babu kotso. Amma akwai gurbi na musamman ga ƙarar jirgin sama mai saukar ungulu, da wani ga harbin bindiga.

Wannan jeri ba tsohon labari ba ne kawai. Duk matashin da yau ya buɗe kwamfutarsa a ɗaki yana shawarar wace manhajar haɗa kiɗa zai saya, ko wane kayan kiɗa na cikin kwamfuta zai saukar, yana zaɓe ne daga cikin abin da wasu mutane suka yanke hukunci a kansa shekaru talatin zuwa arba'in da suka wuce, a Hamburg da Kalifoniya da Hamamatsu. Sanin yadda aka yanke waɗannan hukunce-hukunce ya fi yi masa amfani a kan kowane jerin "manhajoji goma mafi kyau".

Tushen abin yana cikin watan Janairun 1983, a baje-kolin kayan kiɗa na NAMM da ke Kalifoniya, inda aka haɗa fiyanon lantarki na kamfanin Sequential Circuits, Prophet-600, da Jupiter-6 na kamfanin Roland ta hanyar waya guda, aka danna ɗaya ɗayan ya amsa. Dave Smith da Ikutaro Kakehashi, shugabannin kamfanonin biyu, su ne jagororin wannan yarjejeniya da aka kira MIDI, kuma ba su ɗora mata kuɗin lasisi ba, abin da ya sa ta bazu. Abin lura shi ne MIDI ba ta ɗauke da sauti ko kaɗan. Umarni take kaiwa: an danna maɓalli mai lamba kaza, da ƙarfi kaza tsakanin 0 da 127, an sake shi a lokaci kaza. Wato an gina harshen ne a kan yatsun mai kaɗa fiyano, inda kowane amo yake da gidansa, kuma tsakanin gida da gida babu komai. Akwai dabarar lanƙwasa amo, amma ƙari ce a gefe, ba ginshiƙi ba.

Ɗaya ginshiƙin ya zo ne daga Sidni ta Ostareliya. A 1979 Peter Vogel da Kim Ryrie suka fito da Fairlight CMI, na'urar da ke ɗaukar ɗan gajeren sauti na gaske, ta ajiye shi, sannan ta baza shi a kan maɓallan fiyano. Kuɗinta ya kai na gida a wancan lokaci, don haka sai irin su Peter Gabriel da Kate Bush suka fara mallakarta. Duk wani kayan kiɗa na kwamfuta da yau ke kwaikwayon goge ko ganga jikan wannan na'ura ne, kuma ya gaji halinta: yana maimaita abin da aka taɓa ɗauka ne, ba abin da makaɗi zai iya yi ba.

Sauran aikin na rage tsada ne. Kwamfutar Atari ST ta 1985 ta zo da kafar MIDI a jikinta, kuma a kanta ne kamfanin Steinberg na Hamburg ya saki Cubase a 1989, da shafinsa mai layuka inda ake jera sassan kiɗa daga hagu zuwa dama, tsarin da kusan kowace manhaja ke bi har yau. A 1996 kamfanin ya ƙirƙiro VST, wata ƙa'ida da ta ba ƙananan manhajoji damar shiga cikin babba su yi aikin na'urorin gyaran sauti, kuma a 1999 aka faɗaɗa ta har ta karɓi kayan kiɗa. Steinberg ya bar ƙa'idar a buɗe ga masu rubuta manhaja, sai ga ɗalibi a ɗakin kwanansa yana ƙera abin da a da sai masana'anta. Cikin shekaru kaɗan kasuwa ta cika: Reason daga Suwidin a 2000, Ableton Live daga Balin a 2001, Kontakt na Native Instruments a 2002, GarageBand kyauta a kwamfutocin Apple a 2004.

A cikin wannan ayari akwai wadda manyan sutudiyo suka raina, kuma ita ce ta fi sauya kiɗan talakawan duniya. FruityLoops ta fito a ƙarshen 1997 daga wani ƙaramin kamfani na Beljiyam, Image-Line, wanda a lokacin wasannin kwamfuta yake yi. Didier Dambrin ne ya rubuta ta, kuma da farko ba ta wuce injin ganga mai akwatuna goma sha shida ba. Ba ta buƙatar sanin rubutun kiɗa, ba ta buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. A 2003 aka sauya mata suna zuwa FL Studio. A kanta Soulja Boy ya haɗa "Crank That" a 2007, kuma wannan amo mai nauyi da ya zama tambarin kiɗan amapiano na Afirka ta Kudu ya samo asali ne daga wani shiryayyen sauti da ke cikin DX10, ɗaya daga cikin ƙananan kayan kiɗan da ke zuwa tare da manhajar. Sautin da wani injiniya ya ajiye ba tare da ya ba shi muhimmanci ba ya zama muryar unguwannin Firitoriya da Johanasbag.

Kano ta riga ta san irin wannan labari tun kafin kwamfuta ta yawaita. A shekarun 1990, lokacin da finafinan bidiyo na Hausa ke tasowa, masu shirya su sun buƙaci kiɗa mai araha, mai saurin samuwa, wanda zai dace da rawa irin ta finafinan Indiya. Ƙungiyar makaɗa tana da tsada, kuma a al'ada kiɗa sana'ar gado ce mai ƙa'idojinta. Fiyanon Yamaha na dangin PSR ya warware matsalar: mutum ɗaya, akwati ɗaya, ganga da sarewa da goge duk a ƙarƙashin yatsunsa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan sauyi, da rawar da sutudiyon Iyan-Tama da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya suka taka a ƙarshen ƙarnin da ya wuce. Makaɗan fiyano ba su sami kalangu a cikin akwatin ba, sai suka nemi abin da ya fi kusa, suka lanƙwasa shi har kunne ya saba. Abin da ake kira kiɗan nanaye ya fito ne daga wannan dabara. Masu kukan cewa fiyano ta kashe kiɗan gargajiya suna da hujja, domin makaɗan kalangu da yawa sun rasa gayyatar biki. Amma ba adalci ba ne a ce waɗancan matasa kwaikwayo kawai suka yi. Sun ƙirƙiro sauti da duk wanda ya ji shi, daga Zinder har Kumasi, ya san na Hausawa ne.

Sai kuma Auto-Tune. Andy Hildebrand injiniya ne da ya yi aikin nazarin girgizar sauti a ƙarƙashin ƙasa domin neman mai, kuma da irin wannan lissafi ya ƙera manhajar da kamfaninsa Antares ya saki a 1997. Nufinsa gyara kuskuren murya a ɓoye. Waƙar "Believe" ta Cher a 1998 ta murɗa ta har ƙarshe, gyaran ya fito fili ya zama ado. Sutudiyoyin Arewa sun rungumi wannan ado fiye da yawancin wurare, har ya zama abin da ake zuwa nema daga nesa. A 2008 Mdou Moctar, makaɗin jita daga Abzinawan Nijar, ya tafi Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, da muryar Tamashek a cikin Auto-Tune da gangar inji irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahel, ɗaya ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones na kamfanin Sahel Sounds a 2011, daga nan ya kama hanyar dandamalin duniya.

To amma a nan ne hukuncin 1983 yake dawowa. Auto-Tune tana jan murya zuwa amo mafi kusa a ma'aunin da aka zaɓa mata, kuma ma'aunin da take farawa da shi, kamar na kusan kowace manhaja, shi ne na fiyanon Turawa, wanda ya raba zango gida goma sha biyu daidai-wa-daida. Kukuma ba ta san wannan rabo ba, haka kuntigin Ɗanmaraya Jos. Kalangu kuwa lamarinsa ya fi haka zurfi. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata yana sassautawa, amo yana hawa yana sauka a cikin bugu guda, kuma wannan hawa da sauka ne ke kwaikwayon karin harshen Hausa har ganga ta yi magana. Duk wanda ya saurari kalangun da ke bayan Mamman Shata ya san cewa maganar tana tsakanin amo da amo ne, daidai wurin da MIDI ta bari fanko. Samfurin kalangu da aka ɗauka bugu ɗaya-ɗaya aka jera a maɓallai zai ba da ƙarar kalangu, amma ba zai yi kirari ba.

Masana'antar ta daɗe kafin ta waiwayi wannan giɓi. Sai a 2018 aka amince da MPE, ƙarin ƙa'ida da ke ba kowane amo damar lanƙwasawa shi kaɗai, sannan MIDI 2.0 ta biyo a 2020. A 2021 Khyam Allami, makaɗin ud ɗan asalin Iraƙi, ya saki Leimma da Apotome, manhajoji biyu na kyauta a intanet da aka gina domin ma'aunan sauti da ba na Turawa ba. Saboda haka ga mai haɗa kiɗan Hausa, tambayar ko kayan kiɗa na karɓar wani ma'auni dabam, da ko yana barin amo ya zame, ta fi tambayar yawan sautukan da ke cikinsa nauyi. Sautuka dubu goma da aka daidaita a kan fiyano duk hanya ɗaya suke bi.

Akwai wani darasin da tarihin ya maimaita har sau uku, kuma ya shafi aljihu. A 2002 Apple ya sayi kamfanin Emagic na Jamus, mai manhajar Logic, ya dakatar da nau'inta na Windows; waɗanda suka yi shekaru suna aiki da ita suka zaɓi tsakanin sayen sabuwar kwamfuta da barin ayyukansu. A Nuwamban 2017 kamfanin Gibson ya rufe Cakewalk, mai manhajar Sonar, sai da BandLab na Singafo ya karɓe ta a 2018 ta sake numfashi. A Maris ɗin 2023 kamfanin Waves ya sanar da cewa daga yanzu sai dai haya, ba sayarwa. Ihun masu amfani ya sa ya janye cikin kwanaki. Manhaja ba kamar kalangu ba ce da ɗa zai gada daga ubansa. Izini ake saya, kuma ana iya sauya sharuɗɗansa. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira ko sefa yana biya da dala, hayar wata-wata bashi ne da ke ƙaruwa duk lokacin da canji ya motsa. Shi ya sa alƙawarin Image-Line na sabuntawa kyauta har abada ga wanda ya saya sau ɗaya, da lasisin dala 60 na Reaper, wadda Justin Frankel mai Winamp ya fitar a 2006, suke da ma'ana a Kano fiye da yadda suke da ita a Landan.

Ba a ɓoye yake ba cewa sutudiyoyi da yawa, a nan da sauran duniya, sun tashi ne a kan manhajojin da aka fasa makullinsu. A shekarun 2000 ana iya cewa babu wata hanya. Yau hujjar ta yi rauni: Vital da Surge XT kayan ƙera sauti ne na kyauta da ba su jin kunyar tsayawa kusa da masu tsada, kuma Surge XT tana karɓar ma'aunan sauti na kowane iri. Fasasshiyar manhaja kuma takan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, ko ta tsaya cak ranar da mai biki ke jiran waƙarsa.

Abin da har yanzu kasuwa ba ta cike ba shi ne gurbin da jerin 1991 ya tsallake. Manyan kamfanoni suna sayar da tarin sautukan Afirka ta Yamma, amma kora da balafon da djembe na ƙasashen Mande ne suka mamaye su. Kayan aikin cike gurbin kuwa sun riga sun sauko: tsarin SFZ buɗaɗɗe ne, Decent Sampler kyauta ce, makirufo mai kyau ɗaya da ɗaki marar amsa-kuwwa sun isa. Aikin da ya rage na haƙuri ne: a zauna da makaɗin kalangu ko na kukuma, a ɗauki kowane bugu da ƙarfi daban-daban, a ɗauki zamiya sama da ƙasa da jimlolin kirari cikakku, a auna amon kowace tsarkiya yadda yake ba yadda fiyano ke so ba, sannan a rubuta yarjejeniyar da ta ambaci sunan makaɗin da kasonsa a duk kwafin da aka sayar.